Kumburi da Kuzarin Tsoka: Abin da Gwaje-gwajen Sinadarai Suka Bayyana

Kumburi, a ma'anar da likitoci suke nufi, shi ne martanin da jiki yake mayarwa idan wani sashe nasa ya ji rauni, ko ƙwayar cuta ta shige shi, ko wani sinadari mai kaifi ya taɓa shi, kuma tun a ƙarni na farko Miladiyya marubucin Rumawa Celsus ya lissafa alamominsa guda huɗu, wato jan launi da tashin nama da ɗumi da ciwo. Daga baya aka ƙara ta biyar, wadda ita ce gazawar gaɓar da abin ya shafa wajen yin aikinta, kuma wannan alama ce ta fi fitowa fili a tsoka, domin aikin tsoka gaba ɗaya ya rataya ne a kan kuzarin da take iya samarwa daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa. Tsokar da ke motsa ƙasusuwa ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin baligi mai lafiya, ita ce kuma take kwashe mafi yawan sukarin da insulin yake fitarwa daga jini, saboda haka duk abin da ya canza yadda take sarrafa makamashi sai ya canza lissafin jiki duka. An daɗe ana cewa tsokar da ta kumbura tana rasa ƙarfi ne saboda iska ba ta isa gare ta, amma gwaje-gwajen da aka yi ta hanyar tayar da kumburi da sinadarai sun nuna cewa wannan bayani gaskiya ne a wasu sa'o'i da wasu wurare kawai, kuma a mafi yawan lokuta iskar tana nan, abincin ma yana nan, tsokar ce aka canza mata umarni.

Zaren tsoka, wato doguwar ƙwayar halittar da take tsukewa ta ja ƙashi, ba ya iya amfani da abinci kai tsaye sai an juya makamashin da ke cikinsa zuwa wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929. Abin da zaren yake riƙe da shi na ATP kaɗan ne ƙwarai, bai wuce na daƙiƙa biyu ko uku ba idan ana aiki da iyakar ƙarfi, sannan akwai wata ajiya ta kusa mai suna fosfokiriyatin wadda take sake cika shi na kimanin daƙiƙa goma, daga nan kuma dole a koma ga hanyoyi biyu na samar da sabo. Hanya ta farko ita ce farfasa gulukos, wato sukarin jini, ko gilaikojin, wato sukarin da tsoka ta ƙulla ta ajiye, har ya zama wani guntun sinadari da ake kira fairubet. Hanya ce mai sauri wadda ba ta buƙatar iskar oksijin, sai dai ribarta ATP biyu ne kacal daga kowane gulukos, kuma idan fairubet ɗin ya taru bai samu wucewa ba sai a mayar da shi laktet a tura shi cikin jini. Hanya ta biyu tana gudana ne a cikin maitokondiriya, wasu ƙananan jakunkuna da suke jere a cikin zaren, inda ake ƙona fairubet da kitse da taimakon oksijin, a samu ATP wajen 30 daga gulukos guda. Tsakanin hanyoyin biyu akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, da ake kira PDH, wanda shi ne yake shirya fairubet don ƙonawa, a bangon maitokondiriya na ciki kuma akwai rukunan furotin guda huɗu da suke miƙa elektron daga wannan zuwa wancan har na ƙarshensu ya damƙa shi ga oksijin. Ba tsukewa kaɗai ke cin ATP ba, domin kaso mai yawa yana tafiya ga famfunan da suke kwashe kalsiyam bayan kowace tsukewa da waɗanda suke fitar da sodiyam daga cikin zaren, kuma waɗannan wurare uku, wato PDH da rukunan elektron da famfunan, su ne kumburi ya fi taɓawa.

Masu bincike suna tayar da kumburi da sinadari maimakon su jira cuta ne saboda ƙwayar cuta tana hayayyafa, tana cin nata abincin, kuma ba a sanin sa'ar da ta fara ɓarna, alhali sinadari ana auna shi, a san lokacin da aka zuba shi da tsokar da aka zuba shi a ciki, a kuma bar ɗaya ƙafar dabbar lafiya don kwatanci. Mafi shahara a cikinsu shi ne karajinan, wanda ake tatsa daga wata jar ciyawar teku, kuma masana'antun abinci suna kaurara askirim da kayan madara da shi. A 1962 Charles Winter da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa idan aka yi wa ɓera allurarsa a tafin ƙafa, ƙafar tana kumbura cikin 'yan sa'o'i gwargwadon da za a iya aunawa, kuma da wannan gwaji aka tantance magungunan kumburi masu yawa. Akwai tafentin, man da ake samu daga ƙaron itacen fain, wanda yake haddasa maruru marar ƙwayar cuta a cikin tsoka tare da zazzaɓi. Akwai haɗin Freund, wato mai da aka dama da matattun ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka, wanda kumburinsa yake ɗaukar makonni. Akwai kuma LPS, wani sinadari daga bangon bakteriya irin masu kawo kwalara da taifod, wanda Richard Pfeiffer ya fara bayyana gubarsa a 1892, Bruce Beutler kuma ya gano furotin ɗin da jiki yake shaida shi da shi a 1998, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2011. Sai kuma masu kashe zaren tsoka kai tsaye, kumburi ya biyo baya, irin su kadiyotoksin da ake warewa daga dafin macizai dangin kumurci, da gishirin bariyam, da maganin kashe zafi na bufibaken. Kuskure ne a ɗauki waɗannan duka a matsayin abu ɗaya, kuma an ga hujjar haka a 1994 lokacin da aka gwada ɓerayen da aka cire musu ikon yin wani saitokin mai suna IL-6, saitokin kuwa su ne ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki suke aika saƙo da su: da aka yi musu allurar tafentin sai martanin hanta da ƙin cin abinci da ramar da aka saba gani suka ragu ƙwarai, amma da aka ba su LPS sai suka kwanta ciwo kusan kamar sauran ɓeraye.

A sa'o'in farko, a daidai wurin da sinadari mai kashe zare ya sauka, kalsiyam ne yake yin ɓarnar. Yawan kalsiyam a ruwan da ke kewaye da zaren tsoka ya ninka wanda ke yawo a cikinsa kusan sau 10,000 idan zaren yana hutawa, kuma siririn tantanin da ya lulluɓe zaren ne kaɗai yake riƙe da wannan bambanci, saboda haka da zarar dafi ko magani ya huda tantanin sai kalsiyam ya kwarara ciki, zaren ya dunƙule ya kasa saki, famfuna su yi ta ƙona ATP suna kwasar abin da ba ya ƙarewa, maitokondiriya kuma su haɗiye kalsiyam har su kumbura su daina aiki. Buƙata ta ƙaru ke nan a daidai lokacin da samarwa ta tsaya, fosfokiriyatin ya fara ƙarewa, ATP ya bi bayansa, sannan wasu enzayim da kalsiyam yake tasowa su shiga yanka zaren daga ciki. Idan ruwan da ke tsattsafowa daga jijiyoyin jini ya taru a cikin tsokar da fata mai tauri ta kewaye, kamar ta ƙwauri ko ta dantse, matsin yana iya danne ƙananan jijiyoyin jinin da kansu, kuma a nan ne tsohon bayanin ƙarancin iska yake zama gaskiya tsantsa. Wannan ba al'amarin ɗakin gwaji ba ne kawai, domin allurar da aka soka a cinya ko a ɗuwawu tana kashe wasu zaruruwa gwargwadon kaifin maganin da yawansa, har akan ga enzayim ɗin tsoka mai suna CK ya hau a jini bayanta. Kwinin, wanda aka daɗe ana yi wa masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani allurarsa a ƙasar Hausa da sauran sassan Afirka kafin atesunet ya zama zaɓi na farko, ya yi suna wajen barin maruru da taurin tsoka idan ba a sirka shi sosai ba, abin da ya kamata masu ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi a kowane hali su yi la'akari da shi. Haka nan David Warrell da abokan aikinsa, a binciken da suka yi a Zariya a shekarun 1970, sun bayyana yadda saran kumurci mai tofi yake ruɓar da nama a kewayen inda ya sara.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai lamarin ya sake kama, kuma a nan ne gwajin karajinan ya fi amfanarwa. An daɗe da sanin cewa rauni yana shan gulukos da yawa yana kuma fitar da laktet da yawa, kuma tun da littattafan koyarwa sun ɗauki laktet a matsayin alamar ƙarancin oksijin, sai aka yanke cewa raunin shaƙewa yake yi. A 1984 likitan tiyata Michael Caldwell da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɓeraye allurar karajinan a tsokar ƙafafun baya, bayan 'yan kwanaki kuma suka ware ƙafafun suka riƙa tura musu ruwa mai ɗauke da gulukos da isasshen oksijin, suna auna abin da ya shiga da abin da ya fito. Sun kuma yi wata dabara da ta cancanci yabo, ta ajiye wani rukunin ɓeraye masu lafiya da aka rage musu abinci daidai da abin da masu raunin suka ci, domin dabbar da ba ta jin daɗi ba ta cin abinci sosai, yunwa kaɗai kuma ta isa ta canza yadda tsoka take sarrafa sukari. Abin da suka samu shi ne tsokar da ta kumbura ta ƙara shan gulukos, ta ƙara fitar da laktet, amma oksijin ɗin da take amfani da shi bai ragu ba, wato tana bin hanyar gaggawa alhali iska tana nan, irin halin da Otto Warburg ya bayyana game da ƙwayoyin cutar daji a shekarun 1920.

Tambayar da ta biyo baya ta fi ta farko kaifi, wato wane ne ma yake shan wannan gulukos ɗin. Tsokar da ta kwana biyu da kumburi ba zaruruwa kaɗai ba ce, domin ta cika da fararen ƙwayoyin jini: nitrofil, waɗanda suke isowa cikin 'yan sa'o'i, sannan makrofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye mushen nama, waɗanda suke biyo bayansu. Nitrofil ba su da maitokondiriya masu yawa, kusan duk ATP ɗinsu daga farfasa gulukos yake fitowa, makrofaj kuma da zarar an tsokane su sai su juya zuwa wannan hanya, saboda tana da sauri, tana aiki ko a tsakiyar mugunya inda iska ta yi ƙaranci, tana kuma samar musu da kayan haɗa gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta da ita. Wanda ya niƙa guntun irin wannan tsoka ya auna, ya ce haka zaren tsoka yake yi, ya yi kama da wanda ya auna hatsin da aka ci a gida ranar suna ya ɗora wa masu gidan, bai ƙidaya baƙi ba. Ayyukan da rukunin Caldwell suka ci gaba da yi a shekarun 1980 sun karkata ga wannan batu, kuma abin da ya tabbata shi ne ɓangarorin biyu duk suna da hannu: baƙin suna shan nasu kaso, sinadaran da suke fitarwa kuma suna sa zaruruwan da suka tsira su buɗe wasu ƙofofin sukari da ba sa jiran izinin insulin.

Kumburin da ya tsananta ba ya tsayawa inda ya fara, domin saitokin suna shiga jini su isa tsokokin da sinadarin bai kusanta ba. Labarin gano mafi shahara a cikinsu ya faro ne daga cutar da kowane makiyayi a ƙasar Hausa ya sani, wato sammore, wadda ƙudan tsando yake yaɗawa tsakanin shanu. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller ya lura a Kenya a shekarun 1970 cewa shanun da cutar ta kama suna ramewa fiye da yadda yawan ƙwayoyin cutar da ke jininsu zai iya jawowa, daga baya kuma aka ga zomayen da aka sa wa irin wannan cuta suna ƙanjamewa alhali jininsu cike yake da maiƙon da jiki ya kasa kwashewa. Bin diddigi ya nuna cewa makrofaj ɗin da aka tsokana da LPS suna fitar da wani furotin da yake dakatar da enzayim mai shigar da maiƙo daga jini zuwa ma'ajiyarsa, aka raɗa masa suna kakektin, a 1985 kuma Cerami da Beutler suka tabbatar da cewa shi ne dai TNF, wanda rukunin Lloyd Old ya bayyana shekara goma kafin nan a matsayin mai kashe ƙari.

Abin da TNF da 'yan uwansa suke yi wa tsoka ta nesa kishiyar abin da ake gani ne a bakin rauni. A hali na lafiya insulin yana sa zaren ya fito da ƙofofin sukari masu suna GLUT4 zuwa tantaninsa, amma TNF yana gurgunta furotin na farko da yake karɓar wannan saƙo a cikin zaren, kamar yadda Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka nuna a shekarun 1990, kuma a 2005 wasu masu bincike a Kofanhagan suka ɗura TNF kaɗan a jinin samari masu lafiya, sai tsokarsu ta rage karɓar gulukos cikin 'yan sa'o'i. A lokaci guda kuma ana ɗaure PDH, abin da Thomas Vary ya nuna a 1986 a tsokar ɓeraye masu gubar jini, wato halin da martanin jiki ga cuta yake wuce gona da iri har ya cutar da gaɓoɓi, wasu kuma suka tabbatar daga baya da ɗura LPS, inda suka ga enzayim ɗin da yake kulle PDH ya ninka sau da yawa, ma'ana ɗan gulukos ɗin da ya shiga ma ba a ƙona shi har ƙarshe, laktet yake zama ya tafi hanta a sake mayar da shi gulukos. Idan aka haɗa hotunan biyu sai manufar ta bayyana: gaɓa mafi girma a jiki ta janye bakinta daga sukari domin ya ishi rauni da ƙwayoyin garkuwa da ƙwaƙwalwa, a lokacin da zazzaɓi yake ƙara kuzarin da jiki ke ƙonawa da kashi 10 zuwa 13 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Shi ya sa akan ga sukari ya hau a jinin wanda bai taɓa yin ciwon suga ba idan ya ƙone ko cuta ta yi masa tsanani.

Maitokondiriya su ma ba sa tsira. Saitokin suna sa ƙwayoyin garkuwa da zaren tsoka kansa su yi ta haɗa naitirik oksaid, wata iska da jiki yake amfani da kaɗan daga cikinta wajen buɗe jijiyoyin jini, kuma a 1994 aka nuna cewa wannan iska tana gogayya da oksijin a kan rukuni na huɗu na masu miƙa elektron, ta zauna a gurbinsa ta hana shi karɓar elektron. Wannan toshewa tana warwarewa idan iskar ta ragu, amma idan ta daɗe sai ta haɗu da wasu guntayen oksijin masu kaifi ta zama guba mai lalata rukuni na farko, wanda gyaransa yake ɗaukar lokaci. A 2002 David Brealey da Mervyn Singer da abokan aikinsu a Landan suka ɗebi ɗan guntun tsokar cinya daga majinyata 28 masu gubar jini cikin sa'a 24 da shigarsu sashen kula da masu tsananin ciwo. Waɗanda suka rasu daga baya, su 12, ATP ɗin tsokarsu ya fi na waɗanda suka tsira ƙaranci, kuma gwargwadon tsananin ciwon gwargwadon yawan naitirik oksaid da raunin rukuni na farko. Tun kafin nan wasu ma'aunai da aka soka a tsokar irin waɗannan majinyata sun nuna oksijin bai ragu ba, hasali ma ya fi na masu lafiya yawa, alamar cewa yana isowa amma ba a amfani da shi. Singer yana ganin wannan rage aiki wata kariya ce, ƙwayoyin halitta suna lafawa ne don kada su mutu, kuma yana kafa hujja da cewa gaɓoɓin da suka gaza a gubar jini ba a cika samun mutuwar ƙwayoyi da yawa a cikinsu ba, sukan kuma farfaɗo. Wasu masana suna ɗaukar abin a matsayin lalacewa kawai. Ra'ayin Singer ya fi dacewa da kwanakin farko na ciwo, amma bai isa ya bayyana raunin da yake zarcewa har bayan an sallami majinyaci ba.

Wani gwaji da aka yi a Nansi ta Faransa ya ƙara raunana tsohon zato game da laktet. A 2005 Bruno Levy ya soka siraran bututu biyu a cinyar kowane ɗaya daga majinyata 14 da gubar jini ta karya musu matsin jini, ya zuba wabain a ɗaya, wani dafi daga tsirran da maharba a sassan Afirka suke haɗa dafin kibiya da su, wanda aikinsa shi ne tsayar da famfon sodiyam, kuma a kewayen wannan bututun sai fitar laktet ta tsaya. Adrenalin ɗin da ciwo yake tayarwa ne yake zaburar da famfon, famfon kuma yana jan ATP ɗinsa daga hanyar gaggawa, saboda haka hauhawar laktet a jini ba kullum take nufin gaɓoɓi suna shaƙewa ba, ko da yake ta kasance alamar haɗari da likita ba ya wasa da ita.

Ɓarna mafi daɗewa ita ce cinye tsokar kanta. Tun a shekarun 1930 David Cuthbertson a Gilasgo ya lura cewa waɗanda suka karye a ƙafa suna zubar da naitirojin a fitsari fiye da abin da wurin karayar zai iya bayarwa, wanda yake nuna furotin na narkewa a tsokokin jiki duka, a 1983 kuma Vickie Baracos da Alfred Goldberg suka nuna cewa abin da fararen ƙwayoyin jini suke fitarwa mai tayar da zazzaɓi yana hanzarta narkewar furotin a tsokar ɓera da aka ware. A 2001 aka gano enzayim biyu, MuRF1 da atirojin-1, waɗanda suke yi wa furotin ɗin zaren tsoka tambari don a kai shi wurin niƙa, kuma kumburi yana ninka su. Guntayen da suke fitowa ba sa tafiya a banza: alanin yana zuwa hanta a yi gulukos da shi, gulutamin yana zama abincin ƙwayoyin garkuwa kamar yadda Eric Newsholme ya nuna a Oksfod, saura kuma hanta ta ƙera furotin na daskarar da jini da na yaƙar cuta da su. Tsari ne mai ceto ga dabbar da ta ji rauni ta kasa fita neman abinci na 'yan kwanaki, amma ga wanda injin numfashi zai riƙe na makonni asara ce babba, domin wani bincike na 2013 a Landan ya auna wata tsokar cinya a majinyata 63 ya ga kaurinta ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana na goma. Ƙarfi ma yana raguwa tun kafin nama ya zube, kasancewar TNF yana raunana jan da zaruruwa suke yi cikin 'yan sa'o'i, kuma wannan yana daga cikin dalilan kasalar da mai zazzaɓi yake ji tun ranar farko.

Duk da haka, kumburin da ya rushe shi ne yake ginawa. A gefen kowane zare akwai wasu ƙwayoyin ajiya da Alexander Mauro ya gano a 1961, waɗanda suke farkawa bayan rauni su hayayyafa su haɗu su zama sabon zare, kuma a ɓeran da aka yi wa allurar dafi akan ga sababbin zaruruwa cikin mako guda, tsokar ta kusa komawa daidai cikin wata ɗaya. A 2007 rukunin Bénédicte Chazaud a Faransa ya nuna cewa idan aka hana makrofaj shiga raunin gyaran ba ya yiwuwa, kuma makrofaj ɗin da suka shigo da faɗa su ne suke sauya hali bayan sun haɗiye mushe su koma masu reno. A 2013 suka ƙara da cewa wannan sauyi yana buƙatar AMPK, wani enzayim da aikinsa shi ne lura da ƙarancin ATP a cikin ƙwayar halitta, wato ma'aunin makamashi ne da kansa yake ba da izinin a daina faɗa a fara gini. Nan ne batun magungunan kumburi irin su aibufurofen da daikulofenak yake da sarƙaƙiya, domin furostagilandin ɗin da suke hanawa, kamar yadda John Vane ya bayyana a 1971, shi ne yake kawo ciwo, shi ne kuma ɗaya daga cikin masu zaburar da ƙwayoyin ajiyar. A dabbobi yawan irin waɗannan magunguna a kwanakin farko yana jinkirta gyara, a mutane kuma sakamakon ya bambanta gwargwadon shekaru da yawan abin da aka sha, amma ya isa hujja a kan cewa ɗabi'ar 'yan dako da manoma da 'yan ƙwallo ta shan su kullum don ciwon jiki ba kyauta take zuwa ba, ballantana idan aka haɗa da illarsu ga ciki da ƙoda.

Gwajin sinadari yana da iyaka, kuma tarihi ya nuna tsadar manta wannan. LPS yana tayar da TNF ya kai ƙololuwa cikin kimanin minti 90 sannan ya sauka, alhali cuta ta gaske tana jan kwanaki, ɓera kuma yana jure LPS ninkin-ba-ninkin abin da mutum zai jure, saboda haka magungunan toshe TNF da suka ceci dabbobi a ɗakin gwaji ba su ba da sakamakon da aka sa rai ba a manyan gwaje-gwajen masu gubar jini a shekarun 1990. Amma babban darasin gwaje-gwajen, cewa matsalar ta amfani da makamashi ce fiye da ta samunsa, ya tabbata a gadon asibiti. A 2011 wani gwaji a Beljiyam mai majinyata 4,640 ya kwatanta waɗanda aka fara ɗura wa abinci ta jijiya tun kwanakin farko da waɗanda aka jinkirta musu har mako guda, sai waɗanda aka jinkirta wa suka fi saurin murmurewa, wani ɓangare na binciken kuma ya nuna raunin tsoka ya fi ƙaranci a cikinsu. Rukunin Singer ya gano a 2010 cewa majinyatan da suka tsira su ne waɗanda tsokarsu ta fara kunna umarnin ƙera sababbin maitokondiriya tun da wuri, kuma motsa jiki yana daga cikin abubuwan da suka fi tayar da wannan umarni, shi ya sa asibitoci da yawa suka koma tayar da majinyaci zaune ko tsaye da zarar halinsa ya ba da dama. Ko da haka gyaran yana da jinkiri, domin Margaret Herridge da abokan aikinta a Toronto sun bi waɗanda suka tsira daga mummunan ciwon huhu har shekara biyar, suka samu huhunsu ya kusa komawa daidai, amma nisan da suke iya takawa cikin minti shida bai wuce kashi 76 cikin 100 na abin da ake tsammani daga tsararrakinsu ba.